Tasirin Kiwon Tsare a Kan Ingancin Maniyyin Kifi: Misalin Kifi-maciji da Tarwadar Yankin Kafur

BABI NA UKU

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda sana'ar kiwon kifi ta sami gindin zama a ƙasar Hausa. Wannan babi kuma zai dubi wani ɓangare na sana'ar da ba a cika kula da shi ba, wato namijin kifi da ingancin maniyyinsa. Idan ƙyanƙyasa ta ɓaci, abin da aka saba ji a bakin masu sana'a shi ne ƙwan macen bai nuna ba, ko ruwan ba shi da kyau, ko kuwa allurar ce ta lalace. Da wuya a ji an ɗora laifin a kan namiji. Alhali kuwa sau da yawa da maniyyin namiji ɗaya ake barbarar ƙwan mata biyu ko uku, saboda haka idan ya kasance maras ƙarfi, asarar takan game su duka.

Manufar babin ita ce a nuna cewa ba a ranar ƙyanƙyasa ake samar da ingancin maniyyi ba. Tun watanni kafin wannan rana ake gina shi ko a rushe shi, ta hanyar abinci da ruwa da yanayin zafi da kuma zaɓen iyaye. Za a fara da kifi-maciji, domin a kansa ne aka fi ganin matsalar a fili, sannan a dawo kan tarwada, wadda ita ce ake kiwo a Kafur da Malumfashi da Funtuwa da kewayensu.

3.1 Ma'anar Kiwon Tsare da Ingancin Maniyyi

Abin da ake nufi da kiwon tsare shi ne ajiye kifi a wurin da mutum ya tanada, kamar tankin siminti ko na roba ko na tamfol ko tafkin da aka haƙa, inda mutum ne ke yanke abin da kifin zai ci da ruwan da zai zauna a ciki da kuma abokin da za a haɗa shi da shi. Kishiyarsa ita ce rayuwar kifi a kogi ko fadama ko madatsar ruwa.

Mafi yawan kifaye a cikin ruwa ƙwai da maniyyi suke haɗuwa, ba a cikin jikin mace ba. Wannan haɗuwa ita za a riƙa kira barbara a nan. Ƙwayoyin maniyyin kifi ba sa motsi muddin suna cikin jikin namiji. Ruwa ne yake tashinsu. Na tarwada ruwan daɗi ne yake motsa su, na kifi-maciji kuwa sai ruwan gishiri na teku. Da zarar sun tashi, ƙarfin da ke jikinsu ɗan kaɗan ne, kuma kowane ƙwai ƙofa ɗaya tak gare shi, ƙarama ƙwarai, wadda takan rufe ba da jimawa ba bayan ƙwan ya taɓa ruwa. A wajen tarwada, ƙarfin motsin yakan fara raguwa cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Saboda haka masana sukan auna ingancin maniyyi ta waɗannan fuskoki:

(a) yawan maniyyin da namiji ya bayar;
(b) adadin ƙwayoyin da ke cikin kowane ɗigo;
(c) kason ƙwayoyin da suke motsi idan ruwa ya taɓa su;
(d) saurin tafiyarsu;
(e) tsawon lokacin da suke ɗauka suna motsi;
(f) kason ƙwan da ya kamu har ya ƙyanƙyashe 'ya'ya lafiyayyu.

Na ƙarshen nan shi ne alƙali, domin shi ne abin da mai sana'a yake gani a aljihunsa. Sauran biyar ɗin suna taimakawa ne a hango shi kafin a yi asarar ƙwai.

3.2 Kifi-maciji

3.2.1 Yanayin Rayuwarsa

Kifin da masana ke kira Anguilla dogo ne mai santsi, mai kama da maciji, shi ya sa aka ba shi sunan kifi-maciji a wannan aiki. Ba shi ne gaiwa ba, ko da yake suna ɗan kama a tsawo, kuma ba a samunsa a ruwayen ƙasar Hausa. Nau'i biyu ne aka fi kiwo, na Turai da na Japan.

Na Turai yakan shafe shekaru yana girma a koguna da tafkuna, amma ba ya haihuwa a can. Idan lokaci ya yi sai launinsa ya koma na azurfa, idanunsa su ƙara girma, ya daina cin abinci, ya kama hanyar teku. Yakan yi tafiyar kilomita 5,000 zuwa 6,000 har Tekun Sargaso da ke yammacin Tekun Atilantika. A cikin wannan tafiya ne marainansa suke nuna. Wannan ne ya sa aka daɗe ba a gane namijinsa ba. A shekarar 1876, Sigmund Freud, tun yana ɗalibi, ya feɗe kifaye kimanin 400 a birnin Tiriyeste yana neman maraina, bai sami abin da ya gamsar da shi ba. Sai a farkon shekarun 1920 ne Johannes Schmidt, wani masani ɗan ƙasar Denmak, ya bayyana Sargaso a matsayin mahaifar kifin, bayan ya shafe kusan shekara ashirin yana bin sawun ƙananan 'ya'yansa a teku.

3.2.2 Yadda Tsare Ke Hana Shi Balaga

Idan aka tsare kifi-maciji a tanki, komai daɗewarsa marainansa ba sa nuna da kansu. Dalili kuwa shi ne akwai wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi, wanda ake kira fituwitari, da ke sakin sinadaran homon masu ba maraina da mahaifa umurnin aiki. Ƙwaƙwalwa ce take ba wannan ƙulli izini, ita kuma tana jiran alamu daga waje. Idan alamun ba su zo ba, sai umurnin ya tsaya.

A shekarar 1936, Maurice Fontaine na ƙasar Faransa ya yi nasarar sa namijin kifi-maciji ya ba da maniyyi ta hanyar yi masa allurar sinadarin da aka tace daga fitsarin mata masu ciki. Har yau da irin wannan homon ake amfani. Akan mayar da mazan cikin ruwan gishiri, a riƙa yi musu allura mako-mako, sai wajen mako na biyar ko na shida su fara ba da maniyyi, ingancinsa kuma yakan ƙaru a makonnin da suka biyo baya.

Masanan Japan sun fi kowa nisa a wannan fanni. A 1974 Yamamoto da Yamauchi suka ba da rahoton ƙyanƙyashe ƙwan nau'in Japan a ɗakin bincike. A 2002 aka raini 'ya'yan har suka kai matakin da ake zuba su a gona, sannan a 2010 aka sami jikoki daga iyayen da su ma a tsare aka haife su. Duk da haka, gonakin kifi-maciji sun dogara ne ga 'ya'yan da ake kamowa a bakin teku. Yawan 'ya'yan na Turai da ke isowa gaɓa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun daga wajen 1980, har a 2008 aka sanya shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Wannan ne ya sa maganar maniyyinsa ta zama abin damuwa ga gwamnatoci da jami'o'i.

3.2.3 Abin da Bincike Ya Gano

Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci ga wannan aiki daga cikin abin da aka gano.

Na farko, asalin namiji yana da tasiri. A 2018, Locatello da abokan aikinta daga jami'o'in Faduwa da Bolonya a Italiya sun kwatanta mazan da aka kamo daga ruwa da waɗanda aka raina a gona, bayan an yi wa kowane rukuni allura iri ɗaya. Sun tarar bambancin bai shafi kowane ma'auni ba, amma ƙwayoyin maniyyin mazan daji sun fi daɗewa suna motsi. Wato allura ta iya sa dukkansu su ba da maniyyi, amma ba ta iya daidaita su ba.

Na biyu, abincin da kifi ya ci a baya shi ne jarinsa. Tun da kifi-maciji ba ya cin abinci a lokacin balaga, daga kitsen da ya tara ne yake gina maniyyi. Binciken da aka yi a Balenshiya ta ƙasar Sifen da kuma Denmak ya nuna cewa nau'in man da ke cikin abincin maza, musamman irin man da ake samu a kifin teku, yana da alaƙa da yawan maniyyi da ƙarfin motsinsa.

Na uku, zafin ruwa a lokacin allura yana canza sakamako. A gwaje-gwajen Balenshiya, ruwa mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas ya fi mai sanyi ba da sakamako mai kyau.

Darasin da ke nan shi ne samun maniyyi daban, samun maniyyi mai inganci daban. Da wannan darasi za a dubi tarwada.

3.3 Tarwada a Ruwanta da Kuma a Tsare

Tarwada, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, ita ce ginshiƙin kiwon kifi a Nijeriya. Ƙasar ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi, kuma a 2015 kifin gona da ta samar ya haura tan 300,000, mafi yawansa tarwada da danginta.

A ruwanta, tarwada takan haihu ne da damina. Idan ruwa ya ƙaru ya malale ciyayin bakin kogi ko fadama, sai kifayen su hau zuwa wuri maras zurfi, galibi da dare. Mazan sukan yi faɗa a tsakaninsu, wanda ya yi rinjaye shi yake samun mace. Yakan naɗe jikinsa a kan macen, ya saki maniyyi, ita kuma ta saki ƙwai ta watsa shi da jela, ya manne a jikin ciyawa. Abin lura a nan shi ne ruwa da kansa yana tantance maza: lafiyayye mai ƙarfi ne yake barin baya.

A tanki kuwa babu ambaliya, babu ciyawa, babu wannan tantancewa. Tarwada ta fi kifi-maciji sauƙi, domin ƙwanta da maniyyinta suna girma a tsare. Abin da ba ya faruwa shi ne mataki na ƙarshe, wato sakinsu. Tun daga aikin De Kimpe da Micha a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1974, da na masanan jami'o'in Wageningen da Utrecht a ƙasar Holan bayan haka, aka daidaita hanyar yi wa mace allura, ko ta ruwan fituwitarin wani kifi ko ta maganin kanti irin su Ovaprim, wanda ake ba da rabin mililita ga kowane kilo na nauyin mace. Bayan wasu awoyi sai a matsa cikinta ƙwai ya fito.

Namiji kuwa ba ya matsuwa. Marainansa suna can cikin ciki ta wajen baya, hanji da kitse sun tare su, kuma hanyar da maniyyi ke bi tana kewaye da wasu jakunkuna masu kama da yatsu. Idan an matsa, abin da yake fitowa ruwa ne da ƙwayoyi kaɗan, wani lokaci da fitsari ko jini. Saboda haka hanyar da aka saba ita ce a kashe namiji, a buɗe cikinsa, a ciro marainan, a tsattsaga su a matse maniyyin.

Wannan al'amari yana haifar da matsaloli biyu. Ta farko, ba a sanin ingancin namiji sai bayan ya mutu, kuma a lokacin an riga an yi wa mace allura, ba a iya jira. Ta biyu, namijin da ya ba da 'ya'ya masu kyau ba a sake amfani da shi, domin babu shi. Mace tagari takan yi shekaru tana haihuwa, namiji nagari kuwa sau ɗaya ne.

3.4 Abubuwan da Ke Rage Ingancin Maniyyi a Yankin Kafur

Ƙaramar Hukumar Kafur tana kudancin Jihar Katsina, tana maƙwabtaka da Malumfashi da Danja da kuma Jihar Kano. Yanki ne na noman masara da dawa da auduga da waken soya, ga kuma noman rani a fadamu. Wannan yanayi yana da amfani ga mai kiwon kifi, domin kayan haɗa abinci suna kusa da shi, amma a cikin amfanin akwai tarko, kamar yadda za a gani.

3.4.1 Shekarun Namiji da Yadda Ake Zaɓensa

Namijin tarwada yakan fara yin maniyyi tun bai cika shekara ba, amma na farko-farko ba shi da yawa kuma ba shi da kauri. Abin da aka fi so shi ne namijin da ya haura shekara ɗaya. Matsalar ita ce ciyar da kifi shekara guda ba tare da an sayar ba kuɗi ne kwance. Don haka idan aka kwashe tanki, manya ne ake fara sayarwa domin su suka fi tsada, ragowar da 'yan kasuwa suka bari kuma a ajiye su a matsayin iri. Manomin Kafur ba ya yin haka da masararsa, zangarniya mafi kyau yake warewa ya rataye don shuka. Amma a wajen kifi sau da yawa akan juya wannan hikima, a mayar da rago uba.

Har ila yau, akwai haɗarin amfani da ruwa-biyu, wato 'ya'yan da aka samu tsakanin tarwada da ramboshi. Suna saurin girma, suna da kyan gani, amma bincike ya nuna cewa ƙwayoyin maniyyin mazansu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na iyayensu. Wanda ya saye su a matsayin iri saboda girman jiki ya sayi asara.

3.4.2 Abinci

Abincin ƙiba daban yake da abincin iyaye. Kifin da ake shiryawa don kasuwa nauyi ake nema a jikinsa, uban iri kuwa yana buƙatar furotin mai kyau da man kifi da bitamin, musamman C da E, waɗanda suke kare ƙwayoyin maniyyi daga lalacewa. Namijin da aka cika shi da kayan cikin kaji da abinci mai maiƙo yakan tara kitse a ciki, a buɗe shi a tarar da maraina ƙanana.

Saboda tsadar abincin buhu, masu kiwo da yawa suna haɗa nasu, kuma a nan ne yanayin yankin yake shigowa. Funtuwa da Malumfashi cibiyoyin auduga ne tun zamanin Turawa, don haka dusar gurya tana da araha. To amma gurya tana ɗauke da wani sinadari mai suna gosifol. An san illarsa ga haihuwar maza ƙwarai, har a shekarun 1970 aka gwada shi a ƙasar Sin a matsayin maganin hana haihuwa na maza. A wajen kifi, sakamakon gwaje-gwaje ya bambanta daga wani nau'i zuwa wani, amma hankali ya nuna cewa bai kamata a sa gurya a abincin mazan iri ba, ko da za a sa kaɗan a na kifin kasuwa.

Tarko na biyu shi ne fumfuna. Masara da gyaɗa da tunkuza idan aka adana su da danshi sukan kamu da fumfunar da ke fitar da dafin aflatoksin, wanda yake lalata hanta. Hanta kuwa ita ce take sarrafa kitse da sauran abubuwan da jiki ke gina ƙwai da maniyyi da su. Hatsin da aka ƙi saye a kasuwa saboda ya yi baƙi, shi ne sau da yawa ake cewa a ba dabbobi da kifi. Na uku, waken soya ɗanye yana hana narkewar furotin, dole sai an gasa shi ko an dafa kafin a niƙa.

3.4.3 Hunturu da Bazara

Jikin kifi ba shi da zafin kansa, na ruwa yake bi. Tarwada ta fi walwala a ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. A yankin Kafur, daga Disamba zuwa Janairu ruwan tankin da ke fili yakan yi sanyi ƙwarai da dare, kifi ya rage cin abinci, aikin maraina ya ja baya. A watannin Maris da Afrilu kuma tankin roba ko na tamfol da ke rana yakan yi zafin da ya wuce kima, iskar da ke cikin ruwa ta ragu.

Masanan Holan sun lura cewa tarwadar da aka raina a ruwa mai zafi daidai, wajen digiri 25, takan kasance a shirye duk shekara, saɓanin ta daji mai bin damina. Ke nan tsare yana iya zama alheri idan an daidaita zafi. Idan ba a daidaita ba, mai ƙyanƙyasa da hunturu, wanda yake son ya riga kowa fitar da 'ya'ya, yakan buɗe maza biyu ko uku kafin ya sami mai maniyyi fari.

3.4.4 Cunkoso da Wahalarwa

Tarwada tana jure ƙazamin ruwa saboda tana shaƙar iska a sama, kuma wannan juriya ce take ruɗin mai kiwo. Rashin mutuwa ba shi ne lafiya ba. Cunkoso da taruwar kashi a ruwa da yawan kamawa da koma suna sa jikin kifi ya saki homon ɗin firgici, wanda yake danne na haihuwa. A 1992, Campbell da Pottinger da Sumpter a Ingila sun nuna a kan wani kifin ruwan sanyi cewa yawan firgita iyaye yana rage adadin ƙwayoyin maniyyi, yana kuma rage rayuwar 'ya'ya. Haka nan namijin da aka ɗauko daga nesa a cikin jarka, ya sha zafi da jijjiga a mota, bai kamata a buɗe shi ranar da ya iso ba.

Wajibi ne kuma a kula da tushen ruwa. A inda ake noman rani ana yawan fesa maganin ƙwari da na ciyawa, kuma ruwan da ya gangaro daga irin waɗannan gonaki bai dace da tankin iyaye ba.

3.4.5 Haɗa Jini Ɗaya

Tarwada ɗaya tana ba da dubban ƙwai, don haka duk kifin da ke tanki guda yana iya kasancewa 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Idan aka ɗauki mace da namiji daga wannan tanki, an haɗa wa da ƙanwa ke nan. Idan aka ci gaba da haka, sai girma ya ragu, nakasa ta yawaita, haihuwa ta yi rauni.

Masana gado suna da lissafin da ya samo asali daga aikin Sewall Wright na 1931, wanda yake nuna ainihin ƙarfin garken iyaye. Akan ninka adadin maza da na mata, a ninka da huɗu, a raba da jimillarsu. Idan mai ƙyanƙyasa yana da mata 20 da maza 2, lissafin zai ba da kimanin 7, wato garkensa na kifi 22 daidai yake da na kifi 7, kuma kusancin jini zai riƙa ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane zubi na zuriya. Idan kuwa mata 10 ne da maza 10, lissafin zai ba da 20, ƙaruwar kuma kashi 2.5 ce kawai. Wannan ya nuna cewa tsimin maza, wanda ake yi domin kada a kashe kifi da yawa, shi ne yake saurin gajiyar da iri.

Irin Holan da ya bazu a gonakin Nijeriya asalinsa kifin Afirka ne da aka kai Turai aka raina. Yana da saurin girma, amma wucewarsa daga hannu zuwa hannu ba tare da rubuta asali ba ta sa mai saye ba ya sanin dangantakar abin da ya saya.

3.5 Kula da Maniyyi a Ranar Ƙyanƙyasa

Ko da namiji ya cika inganci, sakaci na minti ɗaya yana iya ɓata shi. Maraina masu kyau farare ne, cikakku, gefensu ya kumbura. Idan suka yi ja-ja ko suka zama sirara kamar zare, namijin bai kai ba. Dole hannu da reza da kwano su kasance a bushe, domin ɗigon ruwa ɗaya yana tayar da ƙwayoyin su ƙare ƙarfinsu kafin su ga ƙwai. Akan tsarma maniyyi da ruwan gishiri na giram 9 a lita ɗaya, wanda yake riƙe su ba tare da sun tashi ba, kuma a ajiye a wuri mai sanyi. Sai an gauraya shi da ƙwai sannan a zuba ruwa mai tsabta.

Lokaci ma yana bin zafin ruwa. Littafin jagora na De Graaf da Janssen, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1996, ya nuna cewa a digiri 25 mace takan kai matsa bayan kimanin awa 11 da allura, a digiri 30 kuwa kimanin awa 7. Saboda haka a shirya namiji dab da lokacin, kada a bar maniyyi yana jira cikin zafi.

3.6 Hanyoyin Gyara

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da waɗannan matakai:

(a) A ware mazan iri tun suna ƙanana daga cikin lafiyayyu masu kyan girma, a ba su tankinsu dabam, mai inuwa da sarari, har su haura shekara.

(b) A ba su abincin iyaye na tsawon watanni kafin amfani, ba gurya, ba hatsi mai fumfuna.

(c) A samo maza daga wani wuri dabam da na mata, a kuma ajiye littafin da ake rubuta asalin kowane rukuni. Masu ƙyanƙyasa na Kafur da Malumfashi da Funtuwa suna iya musayar maza a tsakaninsu, kamar yadda makiyaya suke aron bijimi.

(d) Ana iya sabunta jini da tarwadar madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye da Zobe, amma da sharaɗi biyu: a killace ta na wani lokaci saboda cuta, kuma masani ya duba ta, domin a ruwayen Arewa akwai wata 'yar'uwarta, Clarias anguillaris, wadda ba a bambanta su da ido sai an ƙirga haƙoran matatar da ke cikin kumatunsu.

(e) A riƙa duba ɗigon maniyyi a madubin ƙara girman abu kafin a zuba shi a kan ƙwai. Ƙungiyar masu kiwo tana iya mallakar guda ɗaya ta amfanin kowa.

(f) A koyi fiɗar da ake ciro wani ɓangare na maraina a ɗinke cikin kifi. Masu bincike a Nijeriya, ciki har da na Jami'ar Maiduguri, sun nuna cewa namiji yana rayuwa bayan wannan fiɗa, marainan kuma su sake tohowa cikin 'yan watanni. Ta haka namiji nagari zai yi amfani fiye da sau ɗaya.

Akwai kuma daskarar da maniyyi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, wanda aka yi nasararsa a kan tarwada a Afirka ta Kudu tun shekarun 1980. Wannan ya fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo. Aiki ne na cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, da sassan nazarin kifi na jami'o'i kamar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar ingancin maniyyi da ma'aunansa, an kuma kawo misalin kifi-maciji, wanda tsare yake hana shi balaga gaba ɗaya, aka nuna cewa ko bayan allura maniyyin na gona bai kai na daji daɗewa yana motsi ba. An nuna cewa tarwada ma tana da nata kason na wannan matsala, tare da ƙarin cewa namijinta sai an kashe shi ake sanin darajarsa. An kawo abubuwa biyar da ke rage ingancinsa a yankin Kafur, wato ƙarancin shekaru da mummunan zaɓe, da abinci, da sauyin zafi, da cunkoso, da haɗa jini ɗaya. Dukkansu suna hannun mai kiwo, kuma mafi yawansu kulawa suke buƙata fiye da kuɗi. Babi na gaba zai dubi macen tarwada da ingancin ƙwanta.